Ticha Sidiku da Bakunan da Aka Rufe

Duk wanda ya yi ƙaramar sakandaren da ke bayan kasuwar albasa a Bawku a shekarun nan ya san Ticha Sidiku, malamin lissafi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma in kana yi masa bayani sai ya kafa maka ido har ka gama. Iyayen yara suna yabonsa a kan haka. Sukan ce shi kaɗai ne malamin da ba ya duba waya ko ya waiwaya yayin da mutum yake faɗa masa damuwarsa. Ba su san dole ce ta sa ba.

A Salaga aka haife shi a shekarar 1980, a wani tsohon gida da kakanninsa suka kafa tun zamanin fataucin goro. Babansa tela ne, uwarsa tana sarin doya. Da ya gama ƙaramar sakandare aka tura shi Yendi wurin kawunsa don ya ci gaba da karatu. Yana aji biyu, a bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna a arewacin Gana, ciwon ya kama shi. Kwana tara ya yi a asibiti bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuma yana ji kamar wanda ya tura kansa cikin randa ana yi masa magana daga waje. Likita ya ce wataƙila jin ya dawo da kaɗan-kaɗan. Bai dawo ba.

Sidiku ya ji tsoron kada a ce karatu ya ƙare masa a mayar da shi shagon ɗinki, don haka ya ɓoye abin. Ya koma zama a layin gaba, ya karkata kunnen dama, ya riƙa bin leɓen malami da ido. Abin da kunne ya tsinto da abin da ido ya gani sai ya haɗa su ya fitar da magana. A haka ya gama sakandare, a haka ya yi kwalejin horar da malamai a Bimbilla, aka tura shi wani ƙauye kusa da Yendi. A nan ya auri Muniratu, wadda uwarta ke sayar da koko a tashar mota. Ita bai iya ɓoye mata ba, don ba ta yi mako biyu a gidan ba ta gane. Ta kira shi sau uku daga bayansa yana wanke keke bai juyo ba. Daga ranar dai in za ta yi masa magana sai ta zagayo ta tsaya a gabansa, inda haske ke faɗa mata a fuska.

A 2008 aka mayar da shi Bawku, kuma a can ya gina ajinsa yadda zai iya zama a ciki. Ya jera kujeru kamar jinjirin wata don ya ga kowace fuska. Ya kafa doka cewa mai magana ya miƙe tsaye, ya dube shi, ya cire hannu daga baki. Yara sun ɗauka tarbiyya ce yake koya musu. Ba ya yin tambaya yana fuskantar allo. A taron malamai yakan zauna daidai gaban shugabar makaranta. Shekara goma sha biyu a garin bai iya Kusasanci, yaren mutanen wurin, ba sai gaisuwa, har wasu suna cewa girman kai ne irin na mutanen Salaga. Abokan aiki sun san kunnensa yana da ɗan nauyi, sukan ma yi masa ba'a a kai, amma babu wanda ya san nauyin ya kai haka. Yaransa kuwa suna cin lissafi a jarrabawar fita, don haka ba wanda ya taɓa bincikawa.

A watan Maris na 2020 aka sanar da rufe makarantu saboda korona. Shi a rubutun da ke wucewa a ƙasan talabijin ya gani. Bayan mako ɗaya aka rufe iyakoki, kuma Bawku gari ne da ke numfashi ta iyaka. Hanyar Sankasi ta Togo da ta Burkina suka yi tsit, sai masu bin daji da babura.

Madam Azara, shugabar makarantar, ta tara malamai a ƙarƙashin darbejiya, kowa nesa da ɗan'uwansa. Ta raba musu takardu ɗauke da lambobin wayar iyaye. Ta ce kowane malami ya riƙa kiran yaran ajinsa, kuma in an fara darussan rediyo da ake ta maganarsu, malami ya saurara tare da yara sannan ya bi su da tambayoyi ta waya. Kowa ya ce to. Sidiku ma ya ce to, ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Waya ita ce abin da ya fi gudu a rayuwarsa, don murya ce ba fuska. Ya gwada. Muniratu ta riƙe wayar, shi yana gefe yana faɗa mata abin da za ta ce, ita kuma tana juyowa tana maimaita masa amsa. Yawancin lambobin na iyaye maza ne da ke kasuwa, wasu a kashe, wasu masu su sun maƙale a ƙetaren iyaka. In an yi sa'a an samu yaro, kafin tambaya ta bi ta bakin Muniratu ta je ta dawo, ta canza kama. Ita a aji huɗu na firamare ta tsaya, kuma lissafin ɓangare da Turanci ba abin da za a ɗora mata ba ne. Da darussan rediyon suka fara, sai ya manna akwatin a kunnen dama har wurin ya yi zafi. Yana jin murya tana hawa tana sauka, amma lambobin ba sa fitowa. Sha biyar da hamsin a Turanci kusan sauti ɗaya ne a wurinsa, in ba ya ganin bakin mai faɗa.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya sayo takardu da kabon, ya riƙa rubuta tambayoyi goma da hannunsa, da misali ɗaya da ya warware a sama, har kwafi arba'in da uku, yawan yaran aji biyu. Ranar Litinin ya hau babur ya bi gida-gida ya raba, ranar Alhamis ya koma ya karɓa, ya gyara da jan biro. Makon farko takarda talatin da ɗaya suka dawo, ya ji daɗi har ya nuna wa Muniratu. Da ruwa ya sauka aka tafi da yara gona, wasu aka ba su dabbobi kiwo, wasu aka ɗora musu talla. Takardun suka koma sha tara, suka koma bakwai. Wata ta dawo da tabon mai, an ƙunsa ƙosai a ciki. Akwai gidan da aka hana shi shiga don tsoron ciwon, akwai kuma inda aka yi masa dariya aka ce korona ciwon masu hawa jirgin sama ne, ya daina wahalar da kansa.

Yarinya ɗaya ce ba ta taɓa fashi ba. Sunanta Raihanatu, shekararta goma sha biyar. Ubanta ya rasu tun tana ƙarama, uwarta Lariba kuma atamfa da sabulu take sarowa daga Sankasi ta kasa a kasuwar Bawku. Raihanatu takan gama tambayoyin goma ta juya bayan takardar ta rubuta nata: me ya sa in an raba lamba da rabi take ƙaruwa, wa ya fara cewa haka za a yi. Sidiku yakan cika bayan takardar da amsa, wani lokaci ya liƙa wata. A watannin nan da komai ya tsaya, wannan musayar ce kawai take tuna masa cewa shi malami ne.

A ƙarshen Yuni aka dawo da 'yan ajin ƙarshe, a Oktoba aka dawo da 'yan aji biyu. An kawo bokitai masu famfo da sabulu, an raba wa kowane yaro takunkumin rufe baki da hanci. An ware kujeru layi-layi, tazara tsakanin kowane biyu, jinjirin watan nan ya watse. Ranar da ya fara shiga aji, ya yi gaisuwa, ya ga idanu sun taso a kan ƙyallaye, ƙyallayen suna motsi. Ya rubuta tambaya a allo ya nuna wani yaro. Yaron ya miƙe yadda aka saba, ya dube shi yadda aka saba, ƙyallen bakinsa ya shiga ya fita. Sidiku bai ji komai ba sai gunaguni. Ya ce ya sake faɗa. Ya sake. A karo na uku ya ga kafaɗun yara suna rawa, ya san dariya suke yi. Ya ce wa yaron ya zauna, ya juya ya rubuta amsar da kansa.

Bai zauna haka ba. Ya roƙi kwalaye a wurin masu shaguna, ya yanka, ya shafa musu baƙin fenti, ya kakkarya alli ya ba kowane yaro nasa guntu. In ya yi tambaya kowa ya rubuta ya ɗaga. Wannan ya yi aiki wurin amsa, amma bai yi wurin tambaya ba, don yaron da bai gane ba bai san me zai rubuta ya ce bai gane ba. Ya ce wanda ya fahimta ya ɗaga yatsa ɗaya, wanda bai fahimta ba ya ɗaga biyu. Kullum yatsa ɗaya yake gani daga bango zuwa bango. Ya je wurin tela ya zana masa takunkumi mai tagar leda a daidai baki, aka ɗinka guda goma na gwaji. Kafin minti biyu numfashi ya rufe ledar da hazo, yara kuma suka ce tana manne musu a leɓe. Ya fitar da aji waje ƙarƙashin darbejiya, ya warwatsa su nesa da juna, ya ce su sauke takunkumi. Daga wannan nisa leɓe ya yi ƙanƙanta, hasken rana kuma yana bayansu. Kwana uku da farawa wani jami'in duba makarantu ya zo ya gani, ya gaya wa Madam Azara cewa doka ba ta ware waje da ciki ba. Ta kira Sidiku ta yi masa magana a hankali ta bayan nata takunkumin. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga inda take nunawa da hannu, ya mayar da yara aji.

Daga nan ya daina tambaya. Yakan shiga ya yi ta magana shi kaɗai yana cika allo har a kaɗa ƙararrawa, wadda ita ma sai ya ga yara sun fara tattara littattafai yake sanin an kaɗa. In wani ya tare shi da magana, ya tanadi amsoshi uku da ba sa ɓata komai: to, madalla, za mu duba. Yakan koma gida da ciwon kai ya kwanta bai ci abinci ba. Muniratu ta ce ya je ya gaya wa Madam Azara gaskiya. Ya ce in ya faɗa za a cire shi daga aji, kuma wanda aka cire ba a mayar da shi. Ya ce ciwon nan zai wuce, wata ɗaya ne ko biyu.

Wata Alhamis a watan Nuwamba, an tashi, yana haɗa littattafai, sai ya ga Raihanatu tsaye a bakin ƙofa. Ta jira har kowa ya fita sannan ta matso. Ta yi magana mai tsawo, kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta. Ya so ya ce ta sauke takunkumin, amma Madam Azara tana tsaye a baranda, kuma bai ga yadda namiji zai ce wa budurwa ta buɗe fuska su biyu kaɗai a aji ba. Ya karkata kunnen dama. Ya tsinci "mama", ya tsinci "gida", ya ji wani abu kamar "Asabar". Ya ɗauka takardun nan take so ya ci gaba da kai mata, ko kuma uwarta ce ta aiko da godiya.

Ya ce, "To, ba komai. In sha Allahu."

Ta ɗago ido ta sake faɗin wata gajeriyar magana, da alama tambaya ce.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kada ki damu."

Ta russuna ta fita da sauri, har tana haɗawa da ɗan gudu. Ya ga farin ciki a tafiyarta, ya ji sanyi a ransa cewa ya canka daidai.

Ranar Litinin kujerarta ba kowa. Talata ma haka. Ranar Laraba ya miƙa wa yarinyar da ke zama kusa da ita kwali da alli, ya tambaye ta ina Raihanatu. Ta rubuta cewa ta tafi Kumasi tun ranar Lahadi.

Bai jira an tashi ba, ya hau babur ya nufi gidan. Ya tarar da Lariba a tsakar gida tana tsince shinkafa, teburin kasuwarta a jingine da bango. Ba ta sa takunkumi ba, tana fuskantarsa, don haka babu kalma ɗaya da ta wuce shi. Ta ce wata takwas ke nan ba ta taka Sankasi ba, kasuwarta ta mutu. Ƙanwarta da ke sayar da abinci a Kumasi ta aiko a ba ta Raihanatu ta taya ta aiki, ko ba komai baki ɗaya ya ragu a gida. Yarinyar ta yi ta kuka tana cewa a bar ta ta kai jarrabawa. Daga ƙarshe Lariba ta ce mata in malaminta ya zo da kansa ya ce kanta yana ja, kuma akwai inda karatun zai kai ta, za ta sake tunani. Ranar Alhamis yarinyar ta dawo da murna ta ce Ticha ya amsa zai zo ranar Asabar.

Lariba ta ce, "Sau biyu ta share gidan nan. Ta aro kujera a maƙwabta ta ajiye maka a can. Tun hantsi muke zaune har aka kira la'asar. Da ba ka zo ba na ce mata, kin gani, shi ma ya san ba wani abu ba ne, kunya ce ta hana shi gaya miki."

Sidiku ya tambaye ta, in da ya zo, da ta bar yarinyar ta ci gaba da karatu?

Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Ticha. Amma na yi mata alkawari zan saurare ka."

Bai gaya mata abin da ya faru ba. Ya ce dai a dawo da ita, shi zai tsaya mata. Lariba ta ce ƙanwarta ta riga ta sallami yarinyar da ke yi mata aiki, ba za ta iya ce mata ta maido ba yanzu. Ta karanto masa lambar wayar ƙanwar ya rubuta a tafin hannu.

Muniratu ta kira. Ƙanwar Lariba ta ce yarinya tana lafiya, tana wurin wanke-wanke, a bari sai Janairu a gani. Da Janairu ta zo ta ce sai bayan azumi. Sidiku ya rubuta wasiƙa shafi biyu ya ba wani direban Kumasi, tare da takardun tambayoyi na mako huɗu. Direban ya ce ya bayar a tasha a kai mata. Amsa ba ta zo ba, kuma bai taɓa sanin ko ta isa ba.

Mako ɗaya bayan zuwansa gidan Lariba ya shiga ofishin Madam Azara ya rufe ƙofa. Ya gaya mata komai, tun daga asibitin Yendi har zuwa kujerar da aka aro. Ta saurara, sannan ta ja kujerarta baya ta sauke takunkuminta. Ta ce ta daɗe tana zargi, tun ranar da ta ce masa ya zo ya sa hannu a takarda ya amsa mata da madalla. Ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da wataƙila ya fi samun sauƙi. Ta ba shi izini ya je asibiti a Tamale. A can aka sa masa abin saurare a kai aka yi ta danna maɓallai, likita ya rubuta masa a takarda cewa na hagu babu, na dama saura kaɗan, kuma yana raguwa. Aka haɗa shi da na'urar ƙara ji. Ya sa ta ya shiga aji da fata mai yawa. Na'urar ta kawo masa ƙarar kwanon rufi, da jan benci, da babura a titi, da tarin yaro a layin baya, duk da ƙarfi ɗaya. Kalmomi kuwa suna nan a bayan ƙyalle yadda suke.

Da aka buɗe makarantu gaba ɗaya a Janairun 2021, yara suka cika aji har sittin, kowa da takunkumi. Madam Azara ta ce ba korarsa take yi ba, amma ba za ta iya barinsa a gaban yara sittin ba. Ta ba shi shirya tambayoyin jarrabawa da gyaran takardu da kula da ɗakin littattafai. Ya yi fiye da shekara a wannan ɗakin, tagarsa tana kallon ajinsa na da. Yakan ga wani malami yana tsallake matakin da yara suka fi tuntuɓe a kai, ya san gobe zai ga kuskuren a takardu arba'in, kuma ya gan shi. Yakan rubuta gyara a gefen kowace takarda da ƙananan haruffa. Bai san ko ana karantawa ba.

Kafin a ɗage dokar takunkumi a 2022, rikici ya tashi a garin. Aka sa dokar hana fita, aka hana maza hawa babur, makaranta ta koma yau a buɗe gobe a rufe. Muniratu ta matsa su koma Yendi kusa da danginta, ya rubuta takardar neman sauyin wurin aiki. Suna jiran amsa, da babbar salla, Lariba ta aiko a gaya masa Raihanatu ta zo.

Ya tafi da ƙafa. Ta ƙara tsawo, ta yi ƙiba kaɗan, bayan hannunta duk tabon mai. Ta gaishe shi a durƙushe, Hausarta ta gauraya da kalmomin Asante, yaren mutanen Kumasi. Ta ce yanzu ita ke suyar kifi, ƙanwar uwarta ta sakar mata wannan ɓangaren, tun asuba take tashi. Ba ta ambaci makaranta ba. Ya jira Lariba ta shiga ɗaki, sannan ya gaya mata cewa ranar nan bai ji abin da ta ce ba, ko kalma ɗaya mai amfani. Ya ce kurma ne shi, ko kusa da haka, tun kafin a haife ta, kuma bai san ta gayyace shi ba sai bayan ta tafi.

Ta ce ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka ya duba ne ya ga ba ta kai ba. Ta ce a mota ta yi ta tuna tambayoyin da take rubuta masa a bayan takarda, tana jin kunya, tana cewa ashe damunsa take yi.

Ya ce, "Ban taɓa koyar da wanda ya fi ki ba."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ɗago ta ce, "Ticha, da ka ce in rubuta. Kwalin yana kan tebur."

Ya tuna kwalin, ya tuna guntun allin da ke kusa da shi. Wata guda yana sa yara su rubuta masa amsar lissafi, amma a ce ya miƙa wa yarinya kwali don ta rubuta maganar baki, wannan daidai yake da ya faɗa mata abin da ya shekara ashirin da uku yana ɓoyewa. Bai yi tunanin haka a fili ba a ranar. Hannunsa ne kawai bai kai wurin ba.

Ya ce mata har yanzu akwai hanya, ana iya yi mata rajista ta zauna jarrabawar daga waje, shi zai riƙa aika mata darasi. Ta ce ta manta da yawa, kuma in ta tashi daga wurin kasko ba ta iya riƙe ko cokali, balle biro. Ta ce Mama ma yanzu da ita ta dogara. Amma za ta yi tunani. Ta ba shi lambar wayarta, tata ta kanta, ta raka shi har bakin titi. Kwana huɗu bayan salla ta koma Kumasi.

A watan Satumba takardar sauyin aiki ta fito, suka ɗora kaya a mota suka koma Yendi. An ba shi aji ɗaya a wata ƙaramar makaranta a gefen gari, yara talatin da biyu, fuskokinsu a buɗe. Shugaban makarantar ya san halin da yake ciki, don Madam Azara ta rubuta masa. Yana koyarwa, amma ba kamar da ba. Kunnen dama ya ƙara ja baya, kuma ido kaɗai ba ya kawo rabin magana. In yaro ya yi tambaya yakan sa a maimaita sau biyu, sau uku, wani lokaci yaron ya gaji ya ce ba komai, ya zauna. Likitan Tamale ya ce nan da 'yan shekaru na'urar ma ba za ta yi amfani ba. Babansa ya tsufa a Salaga, yana aiko masa ya dawo gida ya riƙe shagon, ya ce keken ɗinki ba ya buƙatar kunne. Sidiku bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ya aika wa Raihanatu saƙo a rubuce sau uku lokacin rajistar jarrabawa. Na farko ta amsa da gaisuwa da godiya, ta ce a gaida Anti Muniratu. Na biyu da na uku ba ta amsa ba. Da rajistar bana ta matso ya sa Muniratu ta kira. Wani namiji ne ya ɗauka, ya ce shi wata uku ke nan da sayen layin, bai san mai wannan suna ba.